Waɗanda Ke Riƙe Da Makullan Jami'a

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu.

Da an ce yajin aiki, ASUU muke tunawa. Amma ranar da NASU da SSANU suka ajiye aiki, famfo ya ƙafe, janareto ya mutu, asibitin makaranta a rufe, takardar sakamakonka kuma ta kwana a durowa. Ina so mu ɗan waiwayi tarihin waɗannan ma'aikata da ba sa koyarwa, don akwai darasi a ciki.

A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago zuwa 42 ƙarƙashin NLC. A wannan zubin aka samu NASU ta ƙananan ma'aikatan makarantu, kuma a shekarar ne aka kafa ASUU. Daga baya manyan ma'aikatan ofis suka tsaya da SSANU, masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje kuma da NAAT.

Da farko tsarin albashi ɗaya ne ya haɗa kowa, musamman bayan kwamitin Cookey na 1981. Yarjejeniyar ASUU da gwamnatin Babangida ta 1992 ce ta ware wa malamai nasu tsarin, sauran ma'aikata suka ce ba su yarda ba, sai an daidaita. Rigimar da muke gani yau, tushenta ke nan. Ko naira biliyan 40 na alawus da aka yi ta cece-kuce a kai a farkon 2021, kashi 75 aka ware wa ASUU, sauran ƙungiyoyi uku su raba 25. Bayan yajin 2022 an riƙe albashin kowa, amma da aka tashi sakin na wata huɗu, malamai aka fara biya. Shi ya jawo yajin gargaɗi na mako guda a Maris 2024.

To, wa ke yanke hukunci a jami'a? Dokar jami'o'in tarayya ta 1993, da gyaran 2003, ta ba Sanate kujera huɗu a majalisar gudanarwa, kuma Sanate ta malamai ce. Taron ma'aikata da ake kira Kongirigeshan yana da kujera biyu kacal, kuma ma'aikacin ofis ba ya shiga sai yana da digiri. Rajistara shi ne sakataren majalisar, alƙalami na hannunsa amma ba ya jefa ƙuri'a. Ka ga ke nan direba, mai gadi da mai gyaran famfo, ko sun shekara talatin suna aiki, ba su da baki a inda ake tsara makomarsu. Ko a ritaya, gyaran 2012 ya ba farfesa shekara 70, su kuma 65.

Me ya shafe mu? Wallahi da yawanmu idan Allah Ya sa mun samu aikin jami'a, ta ofis za mu shiga, ba ta aji ba. Matakalar a fili take: daga jami'in gudanarwa zuwa mataimakin Rajistara, har kujerar Rajistara mai wa'adin shekara biyar. Amma tallafin TETFund na karatun digiri na biyu da na uku malamai aka yi wa tanadinsa. Don haka ɗan uwa, karatun nan da muke wahala a kai, a riƙe shi da kyau. Idan ka shiga, kar ka raina taron Kongirigeshan, nan ne ƙuri'arka take.

Kafin nan, ga shawarata ga shugabannin ƙungiyarmu: in za a kai gaisuwa ofishin shugaban jami'a, a biya ta wajen masu kula da ɗakunan kwana da ma'aikatan rajista. Mu baƙi ne a nan, kuma idan ɗanmu ya kwanta ciwo da tsakar dare, su ne ke buɗe ƙofa.

Wanda mahaifinsa ko yayarsa ke irin wannan aiki, ya ba mu labari. Allah Ya ba mu sa'a.