Daga Ƙusar Rasit zuwa Lambobi Ashirin: Tarihin Biyan Kuɗin Wuta a Arewa

A gidan da na tashi akwai wata ƙusa a bayan ƙyauren ɗakin mahaifinmu wadda ba a rataya mata hula ko riga. Takardun wuta ake soke mata. Duk wata idan an biya, sai a haɗa bil da rasit a soka, sabo a kan tsoho, har na can ƙasa suka yi ja saboda ƙura da daɗewa. Yaro yana iya taɓa rediyo a tsaya a kan faɗa, amma wanda ya yagi takarda ɗaya a jikin ƙusar nan ya ja wa kansa bulala. Sai da na yi wayo na gane dalili. Tarin takardun nan shi ne kaɗai mai shaidar gida ranar da masu tsani, wato masu yanke wuta, suka tsaya a ƙofa.

Wutar lantarki ta fara haska Legas tun 1896, amma ta daɗe ba ta zama abin gidan talaka ba. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya riƙa samar da wuta daga ruwan Kurra domin masu haƙar kuza a Jos. Sauran tashoshin ƙasar kuwa a warwatse suke, wasu a hannun gwamnati, wasu a hannun En'e, har aka yi dokar kafa hukumar ECN a 1950 ta tattara su. A 1962 aka kafa Hukumar Madatsun Ruwan Neja, wadda ta gina Kainji aka kammala a 1968. Haɗe hukumomin nan biyu a 1972 shi ya haifi NEPA, sunan da ya zauna daram a bakin Bahaushe. Shekara guda bayan haka naira da kobo suka maye gurbin fam da sule, don haka bil ɗin da yawancinmu muka buɗi ido muka gani na naira ne, da tambarin NEPA a samansa.

Tsarin wancan zamani a sha ne sannan a biya. A jikin bangon zaure ko soro akwai mita mai gilashi, da wani faifai a ciki yana juyawa a hankali. Idan aka jona dutsen guga ko hita sai ka ga faifan ya ɗauki gudu, kuma da yawa daga cikinmu a nan muka fara fahimtar cewa wuta kuɗi ce. Wata-wata mai karanta mita zai yi sallama, ya haska tocila, ya rubuta lambobi a littafinsa. Bayan kwanaki sai a kawo bil. Daga nan aikin ya koma kan maigida, ko kuma yaron da ya fi amana a gidan: a ƙulle kuɗi da bil a aljihu, a hau keke ko bas zuwa ofis, a bi layi har a isa ƙaramar tagar mai karɓar kuɗi, a buga hatimi. Ƙarshen wata layin kan fito har waje, mutum ya kashe hantsinsa cur a kan abin da bai fi minti biyu ba a bakin taga.

A gidan haya kuwa lamarin ya fi haka ƙura. Mita ɗaya ce, ɗakuna goma, sai a yi karo-karo. Wasu gidajen da ɗaki ake rabawa, wasu da yawan ƙwan fitila, wasu kuma a ƙara wa mai firji da mai dutsen guga. Nan ake jin “ai ni fanka kawai gare ni,” nan ake jin “to wa ke dafa ruwa da asuba?” Galibi akan sami dattijo ɗaya a cikin 'yan haya da ke tara kuɗin ya kai, kuma ba ƙaramin nauyi ba ne, domin idan mutum ɗaya ya gaza, duhun na kowa ne. Masu yanka ba sa hawa falwaya su ware ɗakin wanda bai biya ba. Wayar gidan gaba ɗaya za su cire, wani lokaci su naɗe ta su tafi da ita, sai an biya bashi an biya kuɗin mayarwa.

Abin da ya lalata wannan tsari ba layin ofis ba ne. Garuruwa sun yi ta faɗaɗa, sababbin unguwanni suna tsirowa, mitoci ba su ƙaru daidai da gidaje ba, waɗanda ke akwai kuma suka tsufa. A hankali karanta mita ya ja baya, ƙiyasi ya maye gurbinsa. Ana duba abin da ya bi ta layi ko tiransifomar unguwa, a kasafta wa mutane bisa hasashe. Daga ranar da bil ya rabu da mita, amana ta fita tsakanin mai sayarwa da mai saye. Mutum ya yi tafiyar wata guda ya kulle gida, ya dawo ya tarar da bil. Unguwa ta yi makonni tiransifoma a ƙone, bil bai fasa zuwa ba. Jama'a su ma suka koyi nasu: a biya ɗan abin da zai hana yanka, sauran ya taru a takarda shekara da shekaru, wasu kuma su ja waya ta bayan fage. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne macuci, kuma kowanne yana da hujjar da zai nuna.

Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005, a mulkin Obasanjo, ta rushe NEPA ta kafa PHCN, ta kuma kafa NERC a matsayin mai sa ido da tsara farashi. Aka yanka tsohuwar hukumar gida 18: kamfanoni 6 na samar da wuta, 1 na dakonta, 11 na rarrabawa. Ranar 1 ga Nuwamba 2013, a mulkin Jonathan, aka miƙa yawancin kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa. Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi suka koma kamfanin Kaduna. Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai na Jos. Adamawa da Taraba da Borno da Yobe na Yola. Sunan da ke saman bil ya canza sau biyu cikin shekara takwas, amma har gobe idan fitila ta kama, “NEPA ta kawo wuta” yara ke cewa.

Canjin da ya taɓa rayuwar gida da gaske shi ne zuwan mita mai kati. Ta juya tsarin kansa a ƙasa: yanzu a biya ne sannan a sha. Babu mai karanta mita, babu bil, babu mai tsani, domin idan yunit ya ƙare mitar da kanta take yankewa, bayan ta yi ta ƙara tana gargaɗi. Na farkon zuwa wasu da katin gaske suke aiki, wanda ake kaiwa ofis a loda a dawo a zura, shi ya sa har yau ake cewa “a sa kati” ko da babu katin. Daga baya aka koma tsarin lambobi 20, wanda aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu. Lambobin nan, da ake kira tokin, a ɗaure suke da mita ɗaya tak. Ba za su shiga ta maƙwabci ba, kuma ba sa shiga sau biyu. Na ga yadda wannan mita ta sauya ɗabi'ar gidaje. Uwar gida da ba ta taɓa kula da ƙwan tsakar gida ba, yanzu ita ke bi tana kashewa da safe, tana leƙa allon mita kamar yadda take leƙa buhun shinkafa.

Da zarar kuɗin wuta ya zama lambobi, sai ya zamana babu abin da ya ɗaure shi da tagar ofis. Wayar salula ta GSM ta shigo a 2001, kamfanin Interswitch ya kafu a 2002 ya haɗa bankuna a layi ɗaya, daga baya ya fito da Quickteller. Babban Banki ya fara tsarin rage mu'amala da tsabar kuɗi a Legas a 2012, ya faɗaɗa shi zuwa Kano da wasu jihohi a Yulin 2013, a shekarar kuma ya fitar da ƙa'idar wakilan banki, wadda ita ce tushen masu POS da suka cika bakin titi. Hanyoyi suka yawaita: a banki, a na'urar ATM, a shafin intanet na kamfani, a manhajar banki ko ta OPay da PalmPay da Moniepoint, ko kuma da 'yar ƙaramar waya ta hanyar danna lambobin USSD, ba sai da data ba. Aikin iri ɗaya ne ko'ina. Ka zaɓi kamfanin yankinka, ka faɗi ko mai kati ce ko mai bil, ka sa lambar mita, sunan mai ita ya fito ka tabbatar, ka biya, tokin ya zo. Sai dai yunit ɗin da za ka gani ba na dukan kuɗinka ba ne. Ana cire harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, idan kuma akwai tsohon bashi a kan gidan sai a riƙa zaftare wani abu duk lokacin da aka saya.

Duk da haka mutane da yawa ba su saki tsabar kuɗi ba sai da aka matsa musu. A Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Watannin farko na 2023 kuɗi suka ɓace daga hannu, bankuna suka cika, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. A wannan tsakanin ne dattawan da suka rantse ba za su amince da kuɗin cikin waya ba suka koyi tura kuɗi, kuma kuɗin wuta na cikin abubuwan farko da suka koya, domin duhu ba ya jiran a sami canji.

Ɗan aike bai ɓace ba, kujera ya samu a ƙarƙashin lema. Wata yamma a bakin layinmu na ga wata tsohuwa ta kwance gefen mayafinta ta ciro wata takarda da ta sha ninki, lambar mita ce a jiki, ta miƙa wa mai POS.

“Ɗan nan, sa mini ta dubu biyu.”

“To Inna. Ga sunan da ya fito, na maigidan ne?”

“Shi ne, Allah ya jiƙansa.”

Ya karɓi kuɗin da ɗan cajinsa, na'ura ta turo takarda. Ta ce ya sake rubuta mata lambobin da biro manya-manya a baya, huɗu-huɗu, don jikarta ce za ta danna. Ya rubuta, ya ce, “Inna, in ta ƙi shiga kada ku yar da takardar, ku dawo mini da ita.” Wannan gargaɗin yana da dalili. Idan sabis ya yi rauni akan cire kuɗi tokin bai zo ba, kuma lamba ɗaya aka kuskure a lambar mita, wutar ta tafi gidan wani.

A ganina sauƙin biya ya yi wa adalcin biya nisa. An soke kuɗin dindindin na wata-wata a Fabrairun 2016, wanda ake biya ko an ga wuta ko ba a gani ba. An yi shirye-shiryen raba mita bi da bi, CAPMI a 2013, MAP a 2018, sai na raba mita kyauta da aka ƙaddamar a Oktoban 2020, kuma a farkon wannan shekarar NERC ta sa iyaka ga abin da za a ƙiyasta wa marar mita. A 2020 ɗin dai aka kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, daga A mai alkawarin awa 20 a rana zuwa E mai awa 4. Ranar 3 ga Afrilun 2024 farashin yunit na rukunin A ya tashi daga kimanin naira 68 zuwa 225, kafin a ɗan rage. Mai mita ya ji zafin wannan nan take a allonsa, amma aƙalla yana da ikon kashe firji. Miliyoyin gidaje kuwa har yanzu ba su da mita.

A ƙarshen 2024 masu mita suka sha nasu zullumin. Kowane tokin yana ɗauke da lissafin mintoci da aka fara ƙirgawa tun 1 ga Janairun 1993, kuma gurbin lissafin zai cika ranar 24 ga Nuwamba 2024. Mitar da ba a sabunta ba za ta daina karɓar sabon tokin. Gyaran kyauta ne: lambobi 20 sau biyu, a danna su a jere kafin a sa na wuta. Makonnin nan masu POS da matasan unguwa sun sha zirga-zirga, gida-gida, suna haska mita da tocilar waya suna dannawa tsofaffi.

Ƙusar gidanmu an cire ta ranar da aka yi wa ɗakin fenti, domin mun sami mita mai kati. Maƙwabcinmu na hagu bai samu ba tukuna. Bil na ƙiyasi ake kawo masa, yana biya a wurin mai POS, kuma da ya lura rubutun takardar na'ura yana gogewa cikin 'yan watanni, sai ya koma kai kowane rasit shagon hoto ana yi masa kwafi. Yana ajiye su cikin ledar da ke ƙarƙashin katifarsa, tare da takardar filin gidan.