Imhotep a Cikin Duhun Orlando

A watan Mayu na shekarar 2004, gidan shaƙatawa na Universal Studios da ke Orlando a jihar Fulorida ya buɗe wani jirgin wasa mai hawa da gangara da aka gina shi kacokan a cikin gini, babu taga, babu hasken rana. Sunansa Revenge of the Mummy, wato ramuwar gawar Masar. Bayan wata guda aka buɗe ɗan'uwansa a Hollywood, a 2010 kuma na uku ya biyo baya a Singapore. Kamfanin Premier Rides ne ya ƙera su, kuma ba sarƙa ce ke jan tarago zuwa sama ba kamar na da. Maganaɗisun lantarki ne ke cilla shi, cikin 'yan daƙiƙu ya haura kilomita 60 a awa.

Mu da muka tashi da tatsuniyar dodo a tsakar gida bayan isha'i mun san daɗin tsoron da mutum ya tabbata ba zai cinye shi ba. Turawa sun mayar da wannan daɗi sana'a tun tuni. A 1928 wani Ba'amurke mai suna Leon Cassidy ya fara ƙera ƙananan motoci masu bin layin dogo guda cikin ɗaki mai duhu, a 1930 kuma gidan wasa na Blackpool a Ingila ya buɗe nasa jirgin fatalwa. Waɗannan duk tafiyar hawainiya suke yi. Disney ce ta sa gudu cikin duhu da Space Mountain a 1975, amma can taurari ake nunawa, ba gawa ba. Jirgin Orlando ya haɗa gudun da fatalwar.

Dabararsa mafi kyau tana kusa da ƙarshe. Bayan ƙwari sun malalo daga bango, tarago ya ja da baya, an cilla mahaya cikin duhu, sai jirgin ya tsaya a wani wuri mai kama da tashar sauka. Mutane su sauke ajiyar zuciya, wasu har su fara laluben jakunkunansu. Nan take rufin ɗakin ya kama da wuta ta gaske, zafinta na dukan fuska, tarago ya sake faɗawa ƙasa. Wanda ya tsara wannan ya san cewa mutum ya fi razana a lokacin da ya ɗauka an gama.

Sai dai sunan dodon ne ya tsaya mana a rai. Imhotep suke kiransa, kamar yadda yake a fim ɗin The Mummy na 1999, wanda shi ma ya aro sunan daga fim ɗin 1932 da Boris Karloff ya fito a ciki. Imhotep kuwa mutum ne da ya rayu. Babban jami'i ne a fadar Fir'auna Djoser fiye da shekara 4,600 da suka wuce, kuma shi ake jingina wa ginin dalar nan mai matakai ta Saƙƙara, wadda ta riga manyan dalolin Giza. Ƙarnuka bayan mutuwarsa Masarawa suka ɗaukaka shi a matsayin gwanin magani da hikima, marubuta na girmama sunansa. Wannan ne mutumin da yau ke tsoratar da yara masu riƙe da gugguru.

Yadda aka kai ga haka ba boyayye ba ne. A Nuwamban 1922 Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun. A Afrilun 1923 Lord Carnarvon, wanda ya ɗauki nauyin tonon, ya mutu a Alƙahira bayan cizon sauro ya rikiɗe masa ciwo. Jaridun Turai suka ce la'anar Fir'auna ce, labarin ya sayu, bayan shekara tara Hollywood ta mayar da shi fim. Ba a cika tuna cewa Carter, wanda ya fi kowa daɗewa a cikin kabarin, ya rayu har 1939 ba.

A 2022 an rufe jirgin Orlando na tsawon watanni don gyara, aka sake buɗe shi, layin masu jira ya dawo kamar da. A Saƙƙara kuma masu tonon tarihi sun shafe shekaru suna neman kabarin Imhotep na gaskiya, har yau ba a same shi ba.