Malam Abdullahi ɗan Fodiyo: Masanin Shari'a, Waziri da Jagoran Yaƙi

1.0 Gabatarwa

Daga cikin shugabannin jihadin 1804, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, ya haɗa abubuwa uku. Masanin shari'a ne, shi ne kuma ya tsara wa sabuwar daular da yawa daga cikin ƙa'idojin mulkinta, sa'an nan ya ja runduna zuwa fagen fama. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa domin ta nuna yadda ya yi a duk lokacin da abin da ke rubuce a littafi ya saɓa da abin da masu iko suke aikatawa.

2.0 Tasowarsa da Karatunsa

An haifi Abdullahi a shekarar 1180 ta Hijira, watau wajen 1766. Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya karanci Alƙur'ani wajen mahaifinsu, daga nan aka miƙa shi ga Shehu, ya zama almajirinsa kuma abokin tafiyarsa wajen yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi. Ya ɗauki karatu wajen Malam Jibrila ɗan Umaru, ya kuma saurari Sahihul Buhari wajen Muhammadu ɗan Raji. Shi da kansa ya jera malamansa a cikin Ida'un Nusukh. Ya shahara ƙwarai a nahawu da sarfu da fiƙihun Malikiyya.

3.0 A Fagen Fama

Da zama ya gagara tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, sai aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne kuwa ya fara miƙa hannu. A watan Yuni na wannan shekara ya jagoranci rundunar da ta kori Gobirawa a Tafkin Kwatto, ko da yake Gobirawa sun fi su dawaki da sulke, su kuwa baka da kibiya ne mafi yawan makamansu.

Nasara ba ta ɗore ba. A ƙarshen 1804 Jama'a ta sha kashi a Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata da yawa suka rasu. A 1805 Abdullahi da Aliyu Jeɗo suka ci Birnin Kabi, amma kafin shekara ta fita aka sake karya su a Alwasa. A wajen Abdullahi, Alwasa ba tsautsayi kaɗai ba ne. Ya ga mayaƙa suna wawashe dukiyar mutanen da ke cikin amana, shugabanni kuwa sun kasa hana su. Mutanen kirkin da aka fara tafiyar da su sun ragu, waɗanda suka maye gurbinsu kuma ganima suka sa a gaba.

4.0 Zamansa a Kano da Liya'ul Hukkami

Wajen 1807, tun Alƙalawa ba ta faɗi ba, Abdullahi ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A cikin Tazyinul Waraƙat, wanda ya rubuta a 1813, ya bayyana cewa son mulki da tara dukiya da ƙwarƙwarori da ya gani tsakanin 'yan'uwansa ne suka kore shi.

Da ya iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, sai Kanawa suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. Ya karanta musu tafsiri, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami. Littafin ya yi bayani a kan hijira, da naɗin shugaba da haƙƙoƙin da ke kansa, da naɗin mataimakansa kamar waziri da alƙali, da hukuncin yaƙi, da siyasar shari'a. Ya dogara ga magabata irin su Almagili, wanda ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa irin wannan nasiha a ƙarshen ƙarni na 15. Jigon littafin shi ne shugabanci amana ne, ba gādo ba, kuma shari'a tana hawa kan sarki kamar yadda take hawa kan talaka. Daga Kano ya fasa tafiyar, ya koma wajen Shehu.

5.0 Saɓaninsa da Shehu da Bello

Komawarsa ba ta sa ya sauya ra'ayi ba. Ya ƙi yarda a kira shugabanni da laƙabin sarauta irin na da, ya kuma tsananta a kan kaɗe-kaɗe da tufafin alfarma. Shehu, a cikin Najmul Ikhwan, ya sassauta, yana ganin bai kamata a ƙuntata wa jama'a ba a kan abin da malamai suka yi saɓani a kansa. Abdullahi ya kare matsayinsa a cikin Liya'us Sulɗan. Abin lura shi ne da alƙalami aka yi wannan muhawara, wa da ƙane kowa yana kawo hujjarsa.

A 1812 Shehu ya raba gudanar da daula, yamma ga Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, sai aka yi wa Bello mubaya'a ba tare da Abdullahi yana wurin ba. Ya iso ya tarar an rufe ƙofar gari, ya juya. Yana da girman shekaru da ilmi da magoya baya da zai iya ta da fitina da su, amma bai yi ba. Bayan 'yan shekaru, da ragowar mutanen Abdussalami suka yi masa tawaye a Kalambaina, Bello ya kawo masa gudummawa, suka ci garin tare. A nan Abdullahi ya amince da shugabancin ɗan wansa, aka dinke ɓaraka.

6.0 Kammalawa

Abdullahi ya ƙare rayuwarsa a Gwandu yana karantarwa da rubutu, ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu. Ya rasu a 1829. Cikin abin da ya bari akwai tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, da Bahrul Muhiɗ a nahawu, da Ta'alimur Radi, wanda ya fayyace hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, da hurumin gari da na rijiya da makiyaya.

Wannan littafi na ƙarshe ya cancanci manazarta su koma masa. Rikicin gona da burtali da mashaya yana cikin tushen ta'addancin da ya addabi Zamfara da dajin Birnin Gwari tun daga shekarun 2010. Abdullahi ya riga ya nuna cewa irin wannan rigima a gaban alƙali adali ake kashe ta, kuma shi da ya riƙe takobi bai taɓa ɗora shi a kan shari'a ba. Allah ya jiƙansa.