Sifirin kuloci na ƴar motar golf: yadda ake zaɓensa da yadda ake ɗaura shi

Yau za mu duba ƴar motar nan maras ƙofa da ake yawo da ita a filin wasan golf. Ta daɗe da fita daga filin wasa. A Amurka da ƙasashen Larabawa ana aiki da ita a otal, gonaki da manyan ma'aikatu, kuma ƴan'uwanmu da ke can sun san ta, wasu ma ita ce abin aikinsu. Sunayen da aka fi ji su ne E-Z-GO, Club Car da Yamaha. An kafa E-Z-GO a 1954 a garin Augusta na jihar Jojiya, kuma Club Car ma a can take.

Kukan masu ita kusan ɗaya ne: in an ɗora kaya ko an zo hawa, sai ta riƙa nishi. Maganin da aka fi kawowa shi ne a sauya sifirin kuloci, wato resor na ambiriyaji a bakin makanikanmu. To amma tun farko mu faɗi gaskiya, sifirin ba ya ƙara wa inji ƙarfi. Musanya ce: a samu ƙarfin ja, a sadaukar da wani abu.

Yadda abin yake aiki

Wannan bayani na mai shan mai ne. Wadda ke aiki da batir ba ta da irin wannan kuloci, kar a ɓata kuɗi.

Motar ba ta da giyar da ake sauyawa da hannu. Kuloci biyu gare ta, ɗaya a jikin inji, ɗaya a jikin akwatin da ke juya tayoyin baya, sai bel na roba da ya haɗa su. Kowanne faranti biyu ne suna kallon juna. Wanda ya taɓa buɗe ƙaramin babur maras giya ya ga irinsa.

In inji ya ɗau wuta, wasu ƙarafa masu nauyi a kulocin gaba sukan matse farantansa, bel ya hau sama. A kulocin baya kuma bel ɗin yana buɗe faranti ya nutse ciki, gudu ya ƙaru. Sifirin baya shi ke turjewa. In ya fi tauri, motar takan daɗe a ƙaramar giya, ta riƙe bel gam, kuma ta koma ƙaramar giya da sauri in ta tarar da tudu.

Wa ke bukatarsa?

Na farko, wanda ya sa manyan tayoyi. Tayar asali yawanci inci 18 ce, kusan santimita 46. In aka sa mai inci 22, ƙarfin ja a ƙasa yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na biyu, wanda ya ƙara kujerar baya ko yake jan kaya. Na uku, mai aiki a tudu ko cikin rairayi. Mai bin shimfiɗaɗɗiyar hanya da mutum biyu, sifirin asali ya ishe shi.

Kafin a kashe kuɗi, a duba bel. In ya cinye ya sirance, shi kaɗai ya isa ya kashe wa mota ƙarfi. A duba iskar taya, matatar iska, da ko birki na kamawa. Sau da yawa ciwon a nan yake.

Wajen saye

A je da sunan kamfani, samfurin motar da shekararta, don sifirin Yamaha ba zai zauna a Club Car ba. Lambar da ke jikin motar ita ke faɗin shekara. Kar a dogara da launi kawai: jan sifiri na wannan kamfani ba lalle ya zo daidai da jan na wancan ba. A kuma tabbata na baya ake saye. Na gaba aikinsa daban, shi ke sa inji ya ƙara ɗagawa kafin mota ta tashi, in ya yi tauri da yawa sai ta riƙa fizga.

Shawararmu, a fara da matsakaici. Mafi tauri yana sa inji ƙara, ya ƙara shan mai, ya zafafa bel, kuma yakan rage gudun ƙarshe.

Wajen ɗaurawa

A ajiye motar a wuri mai daidai, a taka birkin tsayawa, a tokare tayoyi. A cire makulli, a kwance wayar batir ta baƙi. Wannan ba wasa ba ne, domin injin waɗannan motoci da taka totur yake tashi, ga hannunka cikin bel.

A zame bel daga kulocin baya, a kwance notin tsakiya, a zaro kulocin. In ya ƙi fita, akwai na'urar zaro shi. Kar a sa masa guduma, farantan na iya tsagewa.

Kafin a buɗe, a yi alama a kan sassan, a ɗau hoto da waya. Sifirin a danne yake, don haka sai an matse shi da abin matsewa kafin a cire zoben ƙarfen da ya kulle shi, sannan a sassauta a hankali. Wanda ya cire zoben haka kawai, ƙarfe na iya tashi ya same shi a fuska. A sa tabaran kariya.

Wasu sifiran suna da ƴan ƙafafu da ke shiga rami, kuma ana ɗan murɗa su kafin a kulle. A bi takardar da ta zo da sabon. A duba ƴan robobin da ke zamewa a ciki, in sun cinye a sauya su a lokacin. A goge farantan tas, ko ɗigon maiko kar ya taɓa inda bel ke bi. A mayar, a ɗaure noti gwargwadon ƙa'idar kamfani, a sa bel, a haɗa batir.

Bayan an gama

A gwada a fili ba kaya, sannan da kaya, sannan a tudu. In an ji warin roba ko bel na kuka, a tsaya a sake dubawa. A tuna kuma yawancin motocin nan tayoyin baya kaɗai ke da birki. Sabon sifiri zai hau da kaya kan tudu, amma wajen gangarowa birkin nan na da ne.

Wanda motar ta wurin aikinsa ce, ya nemi izinin mai ita tukuna, don sauya kaya na iya soke garanti, asarar kuma ta faɗo kansa. Wanda ba shi da abin matsewa, ya kai wa makanike. Allah ya tsare.