Daga Sirdin Doki Zuwa Zauren Jami'a: Tarihin Nas Mai Duba Iyali a Amurka

Duk wanda ya shiga ƙaramin asibiti a wani ƙauye na ƙasar Amurka a yau, ya kai ɗansa mai zazzaɓi ko gyatumarsa mai hawan jini, ba abin mamaki ba ne ya tarar wadda za ta zaunar da shi ta saurari kukansa, ta ɗora wa majinyacin abin sauraron ƙirji, ta aika a gwada jini, sa'an nan ta ɗauki alƙalami ta rubuta magani da sa hannunta, nas ce wadda ta koma jami'a bayan digirinta na farko, ta zurfafa karatu har aka ba ta ijaza da lasisin wannan aiki. Irin waɗannan ma'aikata, mata da maza, sun haura 300,000 a ƙasar, kuma wajen kashi 70 cikin 100 nasu fannin iyali suka karanta, watau suna duba kowa tun daga jinjiri har dattijo. Alhali kuwa shekara 60 da suka shige, nas ɗin da ta kuskura ta faɗi sunan cutar da ke damun mutum, balle ta rubuta masa magani, sai a ce ta shiga hurumin likita, doka ma tana iya hawa kanta. Abin da mai bin diddigin wannan al'amari zai fara lura da shi shi ne, aikin ya riga karatun zuwa duniya: larura ce ta haife shi a wuraren da likitoci suka ƙaurace wa, jami'o'i kuma suka biyo sawu daga baya, da fari ma ba da son ransu ba.

Asalin labarin yana cikin duwatsun gabashin jihar Kentaki, a wata gunduma da ake kira Leslie, inda a farkon ƙarnin da ya wuce babu hanyar mota, sai dai a bi bakin rafi a kan doki ko alfadari. Wata mata mai suna Mary Breckinridge, 'yar babban gida wadda aka haifa a 1881, ita ce ta fara kai ɗauki can. Allah ya jarrabe ta da rasuwar 'ya'yanta biyu, mace tun ranar da aka haife ta, namijin kuwa yana ɗan shekara huɗu, kuma tun daga sa'an nan ta ɗaura niyyar ƙarar da sauran rayuwarta wajen hidimar uwaye da yara. Ta yi aikin agaji a Faransa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ta ga nas-nas na Ingila waɗanda suka haɗa jinya da ungozomanci, abin da babu makarantarsa a Amurka a lokacin. Don haka ta tafi Landan ta koyi karɓar haihuwa, ta kuma zaga tsibiran Sikotilan domin ta ga yadda ake tsara jinya a ƙasa mai wuyar shiga. Kafin tafiyar Landan ɗin, a 1923, ta hau doki ta yi tafiyar mil 650 cikin duwatsun Kentaki, ta zanta da ungozomomin gargajiya 53, akasarinsu tsofaffi, domin ta san haƙiƙanin halin da mata ke haihuwa a ciki.

A 1925 ta kafa ƙungiyar da daga baya, a 1928, aka raɗa wa suna Frontier Nursing Service. Tsarin da ta yi mai sauƙi ne, amma akwai hikima a cikinsa: asibiti guda a garin Hyden, sa'an nan ƙananan cibiyoyi a warwatse cikin duwatsu, ta yadda kowace nas za ta iya isa gidajen yankinta a kan doki ko da tsakar dare aka buga mata ƙofa. Kowacce tana da jakunkunan sirdi iri biyu, ɗaya na kayan karɓar haihuwa, ɗaya na sauran jinya, har yaran wurin suka ɗauka cewa a cikin jakar ake kawo jarirai. Kuɗin haihuwa dala 5 ne, tun daga awon ciki har bayan sauka, na kula da gida baki ɗaya kuwa dala 1 a shekara, wanda ba shi da kuɗi ya biya da abincin doki ko amfanin gona ko aikin ƙarfi. To, da yake nas ɗin da ta shiga gida domin mai naƙuda ba za ta rufe ido ga yaron da ke fama da tsutsar ciki ba, ko magidancin da gatari ya sare wa ƙafa, ko rijiyar da ke yaɗa taifot, sai ta wayi gari ita ce mai duba iyalin duka, ko da babu wanda ya naɗa ta. Likitocin da ke ba ƙungiyar shawara suka fahimci cewa ba za a jira su a kowace mas'ala ba, saboda haka suka rubuta wani ɗan littafi na ƙa'idoji, wanda ya fayyace maganin da nas za ta bayar a kan kowace alama, da kuma iyakar da in ta kai ta wajibi ne ta aika a kira likita. Wanda ya san littafin ƙa'idojin da ma'aikatan lafiya na karkara ke aiki da shi a ƙananan asibitocin Nijeriya ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sakamakon bai ɓuya ba. A 1932 Louis Dublin, masanin ƙididdiga na kamfanin inshora na Metropolitan Life, ya bi bayanan haihuwa 1,000 na farko da ƙungiyar ta karɓa, ya tarar babu uwa ko ɗaya da ta rasu ta dalilin ciki ko naƙuda, a zamanin da mutuwar mata wajen haihuwa ta zama ruwan dare har a manyan biranen ƙasar. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa Breckinridge 'yar zamaninta ce da ajinta: wajen neman taimakon attajiran birane takan kafa hujja da cewa mutanen duwatsun nan tsantsar jinin Turawan farko ne, maganar da masana tarihin da suka zo daga baya ba su ƙyale ta a kai ba, kuma sun yi daidai.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, yawancin ungozomomin Ingila suka koma gida, hanyar aika 'yan Amurka su yi karatu a can kuma ta toshe, sai ƙungiyar ta buɗe tata makarantar a Hyden a ƙarshen wannan shekara da ɗalibai biyu tak. Wannan makaranta ce, a 1970, da haihuwa ta ragu a yankin, sauran cututtuka kuma suka fi yawa a hannun ma'aikatanta, ta soma koyar da duba iyali a matsayin fanni mai zaman kansa, kuma tana cikin na farko da suka yi haka a ƙasar.

Amma kafin nan wani abu ya faru a Kolorado wanda shi ne ya ba sana'ar siffarta ta jami'a. Loretta Ford, wadda aka haifa a 1920 ta kuma yi jinyar sojoji lokacin yaƙi, ta daɗe tana aikin lafiyar jama'a a gundumar Boulder, tana shimfiɗa ma'aunin jarirai a ajin makaranta ko ɗakin coci, duk inda aka ba ta aro, kuma sau da dama ita kaɗai ce ma'aikaciyar lafiyar da yaran ƙauyen za su gani. Ta san cewa tana yanke hukunci kullum a kan lafiyar yara, ta kuma san cewa ba a koya mata yadda za ta yi shi bisa ƙa'ida ba. A 1965, shekarar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar Medicare da Medicaid, wadda ta buɗe ƙofar asibiti ga miliyoyin tsofaffi da matalauta a daidai lokacin da likitoci ke tururuwa zuwa fannonin ƙwarewa suna barin duba gama-garin cututtuka, Ford ta haɗa kai da wani likitan yara mai suna Henry Silver suka buɗe kwas a Jami'ar Kolorado. Ɗaliba takan yi wata 4 a asibitin koyarwa, tana koyon ɗaukar tarihin rashin lafiya, da leƙa kunne da maƙogwaro da 'yar fitila, da sauraron zuciya da huhu, da rarrabe murar da za ta wuce da kanta daga ciwon da ke buƙatar likita a yau ɗin nan. Bayan haka ta fita ta yi wata 20 tana aiki cikin jama'a. Ɗalibar farko garin Trinidad aka tura ta, a kudancin jihar.

Abin mamaki, suka mafi zafi daga cikin gida ta fito. Wasu likitoci sun yi gunaguni, ba shakka, amma manyan malaman jinya na jami'o'i, waɗanda suka shafe shekaru suna fafutukar a san jinya ilimi ce mai cin gashin kanta, su ne suka ga cewa miƙa wa nas kayan aikin likita tamkar mayar da ita 'yar koren likita ne. Tsoron nasu ba marar tushe ba ne, ko da yake ya jawo hasara. Tun a ƙarshen shekarun 1950, a Jami'ar Duke, wata malamar jinya Thelma Ingles da likita Eugene Stead sun gwada kwas na digiri na biyu mai kama da wannan, hukumar tantance makarantun jinya ta ƙi amincewa da shi. Stead ya yi fushi ya juya ga tsofaffin ma'aikatan jinya na soja, ya kafa sana'ar mataimakin likita a 1965, wadda har gobe take gogayya da ta nas. Ford ba ta ja da baya ba. A 1972 ta koma Jami'ar Rochester ta zama shugabar farko ta tsangayar jinya, inda ta kafe a kan cewa malamin da ke koyarwa lalle ne ya kasance yana duba marasa lafiya, yana kuma bincike. Ta yi tsawon rai har ta ga abin da ta shuka, domin sai a Janairun 2025 ta rasu tana da shekara 104.

Daga nan abu ya yaɗu da sauri, kuma a hargitse. Kwalejin Boston ta buɗe nata a matakin digiri na biyu a 1967, Jami'ar Washinton ta buɗe na iyali a 1971, amma mafi yawan kwasa-kwasan shekarun 1970 na takardar shaida ne kawai, wasu na 'yan watanni, kowane da manhajarsa. Jihar Aidaho ce ta fara gyara dokarta a 1971 domin ta halatta wa nas gane cuta da ba da magani bisa sharuɗɗa. Masu shakka suna cewa ai rashin uwa ne akan yi uwar ɗaki, watau talaka ne kawai za a bar wa nas, har sai da aka kawo hujja ta bincike. A garin Burlington na Kanada aka raba iyalai ta hanyar ƙuri'a, wasu ga likita wasu ga nas, kuma rahoton da ya fito a 1974 ya nuna lafiyar ɓangarorin biyu ba ta bambanta ba, nas ɗin kuma ta sallami wajen kashi biyu cikin uku na masu zuwa ba tare da ta nemi likita ba. Wannan rahoto ya ƙara da wata magana da ba a cika ambata ba, cewa tsarin ya amfani jama'a amma bai yi wa likitocin riba ba, domin inshora ba ta biyan aikin da nas ta yi ita kaɗai. A ganina nan ne ainihin gardamar take, kuma shi ya sa dokokin kuɗi suka fi kowace muƙala tasiri: ta 1977 wadda ta yarda a biya aikin nas a asibitocin karkara, da ta 1997 wadda ta ba ta damar karɓar kuɗin Medicare kai tsaye ko'ina, a kan kashi 85 cikin 100 na abin da ake biyan likita.

Da kuɗi da doka suka shigo, tilas aka daidaita karatun, tsangayoyin da suka yi ƙyamar abin jiya kuma suka rungume shi. Kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce digiri na biyu ya zama shi ne ƙofar shiga, a 2008 kuma ƙungiyoyin sana'ar suka yi ittifaƙi a kan tsari guda. A yau mai neman wannan matsayi sai ya zama nas mai lasisi da digirin farko, ya yi shekara biyu zuwa uku yana karanta rukunai uku da babu makawa a kansu, watau yadda cuta ke aiki a jiki, da ilimin magunguna, da duba jiki mai zurfi, ya yi aƙalla awa 500 yana ganin majinyata a gaban wani gwani, sa'an nan ya ci jarrabawar ƙasa. Ko bayan haka ikonsa ya danganta da inda yake zaune: fiye da rabin jihohi sun sakar masa mara ya yi aiki da kansa, sauran kuwa sun shardanta yarjejeniya da likita.

Saɓanin da ya rage yanzu a kan zurfin karatun ne. A 2004 ƙungiyar tsangayoyin jinya ta yanke shawarar a ɗaga matakin zuwa digiri na uku kafin 2015. Shekarar ta zo ta wuce, akasarin ɗalibai kuwa da digiri na biyu suke fita har yanzu. Karatu daga nesa, wanda makarantar Hyden ta fara a 1989 da kyakkyawar niyya, domin nas ta karkara ta yi ilimi ba tare da ta bar mutanenta ba, ya zama babbar kasuwa ta intanet, inda wasu makarantu ke ɗibar ɗalibai fiye da ƙima su bar kowa ya nemo wa kansa gwanin da zai koya masa aiki. Ƙungiyoyin likitoci suna kafa hujja da wannan, suna gwama awa 500 da dubban awannin da likita ke yi kafin a sake shi, kuma ba a ce ba su da abin faɗa ba. Su ma malaman jinya sun ji a jikinsu, domin ƙa'idojin da suka fitar a 2022 sun nemi a ƙara awannin zuwa 750.