Asalin Layin Dogon Nguru

Dogon nan da ya fita ta gabashin Kano, ta ɓangaren su Bompai da Kawaji, ya nufi Jogana, gyaɗa ce ta haife shi. Ga yadda abin ya faru.

A da can, in mutum yana da kaya a Haɗeja ko ƙasar Barno yana son kai su Kano, sai ya ɗora wa jaki ko takarkari ko raƙumi, ya bi ayari, ana tafe ana yada zango. Da Turawa suka ci ƙasar, sai suka fara shimfiɗa dogo daga Baro, bakin Kwara, a 1907, ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas. Su a tunaninsu auduga za su riƙa kwasa zuwa masaƙun Ingila. Ashe manomin Kano ya riga su lissafi. Audugarsa tana da masu saye a gida, wato masaƙa da marina. Ita kuwa gyaɗa, ga kuɗi a hannu, ga harawa ta dabbobi, in kuma shekara ta yi wuya a ci abarta. Tun daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa.

To, sai aka lura ƙasar da ke arewa maso gabashin Kano jigawa ce, irin wadda gyaɗa ke so, amma nisa ya hana a noma ta da yawa, don kafin jaki ya kai buhu Kano kuɗin dako ya cinye ribar. Shi ne aka ce tun da gona ba za ta taso ta zo tasha ba, bari tasha ta je gona. Aka ja reshe daga Kano a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya bi ta Jogana, Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa, ya tsaya a Nguru a 1930. Tsawonsa wajen kilomita 230 ne, faɗin tsakanin ƙarafansa kuwa ƙafa uku da inci shida, daidai da babban layin Ikko, don kada a sauke kaya a canza tarago a Kano.

Abin lura a nan shi ne dogon bai bi manyan garuruwan sarauta ba. Bai shiga Haɗeja ba, bai shiga Gumel ba. Saboda haka mutanen Haɗeja sai sun fito Malam Madori, na Gumel su gangaro Gagarawa. Nan da nan Malam Madori, wanda a da ba a san da shi ba, ya cika ya batse. Kamfanoni irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna, Kwarori suka zo, Yarabawa da Inyamurai ma'aikatan jirgi suka kafa unguwanni, ga ’yan dako, ga masu tuwo-tuwo. Haka Nguru, inda dogo ya ƙare, ta zama matattarar kayan Barno: ƙirgi da fata, ƙaro, kanwa, bandar kifi, da shanun da ake lodawa zuwa Kudu.

Aikin layin kuwa na kaka ne. Da an cire gyaɗa an ɓare, manomi ya kai wa ’yan baranda, su kuma su kai kan sikeli, a auna, a ɗinke buhu, a jibge a bakin tasha. Layi ɗaya ne tak, don haka in jirage biyu za su haɗu, dole ɗaya ya raɓe a tasha ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Kan jirgin na lokacin da kwal ɗin Inugu yake aiki, ga shi da shan ruwa kamar raƙumin da ya fito Sahara, shi ya sa ake kafa tankin ruwa a tashoshi. In zai komo daga Kudu sai ya zo da gishiri, kananzir, atamfa da goro.

Kullum dai gyaɗar ta fi taragon yawa. Wannan ne ma asalin dalar gyaɗa, wadda Alhassan Ɗantata ya yi suna da ita: buhuna ne da ke jiran jirgi, aka tara su wajen 15,000 a dala guda. Mu yanzu hotonta muke kallo muna alfahari, amma ga ma'aikacin jirgi na wancan zamani kowace dala aiki ce da ya makara.

An so a zarce da dogon daga Nguru zuwa Maiduguri, amma daga baya aka bi ta Kuru da Bauchi da Gwambe, aka isa can a 1964, Nguru ta zauna a matsayin ƙarshen layi. Sai fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, manyan motoci kuma suka kwashe ɗan abin da ya rage ta hanyar Haɗeja. Dogon da aka shimfiɗa cikin lardunan Kano da Barno, yau jihohi uku ya ratsa: Kano, Jigawa da Yobe.