Ƙauli Biyu na Richard Bright kan Ƙoda da Zuciya

A asibitin Guy's da ke birnin Landan, wajen shekarar 1827, an yi wani likita mai suna Richard Bright, wanda al'adarsa ce in an kawo masa mai kumburin jiki ya ɗebi fitsarinsa a cokali, ya kara bisa harshen kyandir, in ya ga ya daskare kamar farin ƙwai sai ya hukunta cewa illar tana ga ƙoda. In kuwa ajali ya riski majinyacin, ya bi gawar ɗakin fiɗa domin ido ya gaskata abin da cokali ya faɗa.

A nan ne ya ci karo da abin da bai je nema ba. Cikin gawarwaki 100 da ya ba da bayaninsu a 1836, ya tarar da yawa zuciyarsu ta yi kauri, musamman ɓangaren hagu, alhali babu wani aibi a murafanta da za a ɗora wa laifin. Da yake mutum ne mai tsantseni, bai yanke hukunci ba, sai ya kawo ƙauli biyu: ko dai jinin da ƙoda ta gaza tacewa ne ke taɓa zuciyar kai tsaye, ko kuma ƙananan jijiyoyi ne ke yi wa jini tirjiya har zuciya ta riƙa turawa da ƙarfin tsiya.

Ƙauli na biyu shi ya yi rinjaye shekara da shekaru, kuma bisa hujja. Ludwig Traube na Balin ya ƙarfafa shi a 1856, aka gano sinadarin renin mai sa jini ya hau a 1898, sannan a 1934 Harry Goldblatt ya matse jijiyar ƙodar karnuka, jininsu ya hau. Malamai suka ɗauka mas'ala ta ƙare.

Ashe da sauran magana. Bayan Willem Kolff ya ƙera injin wankin ƙoda a Holan a 1943, masu ciwon ƙoda suka soma yin tsawon rai, sai ga shi ciwon zuciya ne ke ɗauke da yawa daga cikinsu. Da aka sa tsokar zuciyarsu a madubin likita, aka ga kowace ƙwayarta ta yi ƙiba, amma siraran jijiyoyin da ke shayar da ita ba su ƙaru daidai da ita ba, ga tabo ya cika tsakani. Zuciya tana matsawa, saki ne ya zame mata wahala, tamkar salkar da ta ƙeƙashe. A 2011 kuma aka nuna cewa wani sinadari, FGF23, wanda ƙashi ke fitarwa da yawa in ƙoda ta gaza, yana kumbura waɗannan ƙwayoyi da kansa ko da jini bai hau ba, wato dai ƙaulin farko da aka jingine tun zamanin cokali da kyandir.